Sati uku ina aiki daga bayan mota: daga Kangimi har dutsen Kagoro

Kawu ne yace ba inda zan je ni kaɗai. Ranar da na kawo maganar muna zaune a tsakar gida a Unguwar Dosa bayan isha'i, Hajiya ko ɗago kai bata yi ba tace wai a wannan zamanin zaka je ka kwana a daji, da gidanku da gadonka? Nayi ta bayani cewa aikina ba ofis yake buƙata ba, kamfanin da nake wa aiki suna Legas ni ina Kaduna, shekara uku kenan ban taɓa ganin ogana ido da ido ba sai ta Zoom, gyaran shafukan intanet nake yi da kula da su, in dai akwai laftof da caji da sabis to ko ina nake aiki zai tafi. Kuma gaskiyar magana na gaji ne. Shekara uku a ɗaki ɗaya, labule a sake, ƙarar janareto ta kowane ɓangare, in fita masallaci in dawo in sake zama, har na wayi gari na gane jihar da aka binne cibiyata ban san ta ba, daga Kaduna sai Zariya sai jirgin Abuja da nake hawa a Rigasa, shikenan.

Kawu ƙanin Hajiya ne, tsohon ma'aikacin reluwe, yayi shekaru masu yawa a Kafanchan kafin ya ajiye aiki. Yana gefe yana jan carbi sai yace "Yaya ƙyale shi, ni zan bi shi, amma fa ni ne madugu." Sharuɗɗansa uku: la'asar ba zata same mu a kan titi ba, ba zamu kwana inda mai unguwa bai san da zamanmu ba, kuma ba mai sanin inda muka dosa gobe sai Hajiya. A haka ta yarda, ba don ranta ya so ba.

Motar tsohuwar Sienna ce, na cire kujerun baya na shimfiɗa katifa don Kawu. Tanti na samu na gwanjo a Kasuwar Barci, sai gidan sauro, ƙaramar tukunyar gas, jarka uku ta ruwa mai lita 25, buta, tabarma, tocila. Abinci kuwa shinkafa, taliya, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, manja da yaji, Hajiya ta ƙara mana da dambun nama a roba. Ɓangaren aiki shi ya ci kuɗi, fanel ɗin sola mai wat 200 da aka ɗaure min a saman mota, batir ɗaya babba, inbata ƙarama, da layuka uku na kamfani daban daban don in wannan ya ɗauke wancan ya kawo. Na so ƙwarai mu fara da dajin Kamuku na Birnin Gwari don tun ina firamare nake jin labarinsa, Kawu yace cire wannan daga lissafi tukuna, ban yi musu ba.

Zangonmu na farko Kangimi, a hanyar Jos in ka bar Maraban Jos ka ɗan taɓa tafiya. Na zaɓe ta ne don kusa take, in abu ya ƙi mu juyo mu ci tuwon dare a gida. Dam ne da aka gina tun shekarun 1970 don ya riƙa tallafa wa ruwan garin Kaduna da noman rani, ruwa ne shimfiɗe har ido ya gaji. Muna isa na hango wani fili mai ciyawa a bakin ruwa ba kowa, nace Kawu ga waje nan, har na fara karya kan mota. Yace miƙe. Nace ai ba na kowa bane. Yace ɗana a duk faɗin ƙasar nan babu taƙi ɗaya da ba na kowa ba, in ba gonar wani bace to mashayar shanun wani ce, in ba haka ba to akwai idon da ke kallonka daga nesa yana tambayar kansa waye wannan kuma me ya kawo shi.

Sai muka shiga ƙauye muka tambayi gidan mai unguwa. Ashe tun daga Kawo Kawu ya sayi goro ya ƙunshe a aljihu ban sani ba. Muka cire takalma muka durƙusa, Kawu yace ranka ya daɗe baƙi ne daga Kaduna, muna neman inda zamu yada zango kwana biyu zuwa uku, yaron nan aikinsa a na'ura yake. Dattijon ya amsa gaisuwa da fara'a amma idonsa na kan saman motar, can yace wannan baƙin gilashin fa, ba na ɗaukar hoto bane? Na buɗe masa komai ya gani, batir, wayoyi, laftof, na kunna na nuna masa aikin da nake. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Mutanen karkarar Kaduna sun sha wuya a hannun infoma masu kai wa 'yan bindiga rahoto, a 2021 har sai da gwamnati ta sa aka katse sabis a wasu ƙananan hukumomi wajen wata biyu saboda matsalar, to baƙo ya zo da mota da na'urori yace zai kwana a bakin ruwa, dole a tambaya. Ya karɓi katina na ɗan ƙasa ya duba, ya aika aka kira shugaban 'yan sintiri aka gabatar da mu, sannan ya sa wani saurayi ya kai mu kusa da inda masunta ke ɗaure kwale-kwalensu, yace nan ne zaku kwana, in kun yi tari ma za'a ji. Ya kuma nuna gidan da zamu riƙa shiga makewayi da wanka, abinda ni ko tunaninsa ban yi ba da nake tsara tafiyar.

Daren farko ban yi barcin kirki ba, ba zan ɓoye ba. Kawu na cikin mota ni ina tanti, sanyin hunturu na tasowa daga ruwa yana ratsa bargo, kowane motsi sai gabana ya faɗi, kare yayi haushi, ganye ya faɗo, wani abu ya fantsama a ruwa. Wajen ƙarfe biyu naji usur ɗin 'yan sintiri, ɗaya ya hasko tocila yace baƙonmu lafiya dai ko? nace lafiya lau, yace to a kwana lafiya muna nan. Wallahi daga nan ne barci ya ɗauke ni. Da asuba na fito alwala na ɗaga kai, taurarin da na gani ban taɓa sanin akwai su da yawa haka a saman Kaduna ba.

Aiki a Kangimi ya tafi sumul. Ƙarfe takwas na shimfiɗa tabarma a gindin bishiya, na kifa bokiti na ɗora laftof, sabis cike. Masunta na dawowa da karfasa da tarwaɗa, mata masu saye na ciniki da ƙarfi, yara sun kewaye ni suna leƙe har sai da wani babba ya kora su. Abinda nake yini ina ja a gida kafin azahar na gama shi, inaga don ba abinda ke raba min hankali, ko kuma iskar ce, Allahu a'alamu. Da rana Kawu ya gasa mana kifi da yaji muka ci da garin kwaki.

A hanyarmu ta zuwa Zariya ne, da muka zo wajen mararrabar Zangon Aya, Kawu ya nuna allon yace ka san me yasa ake ce mata zango? Yace abinda kake ganin sabo ne, na 'yan Amurka da kake kallo a waya suna kwana a mota, kakanninmu fatake sun yi shi da jakuna. Ayari ya tashi daga Kano ko Zazzau ya doshi Gwanja neman goro, watanni suna tafe, madugu na shugabanta, jagaba na gaba yana duba hanya, kuma duk inda yamma tayi ba a tsakiyar daji suke zubewa ba, bakin gari suke sauka, a gaida sarkin garin a bashi abinda ya samu, mata su fito da fura da tuwo a yi ciniki. Wasu zangunan har suka zama garuruwa, ga Zangon Aya, ga Zangon Kataf can kudu. Na jima ina juya maganar nan. Su can Amurka suna da filayen gwamnati masu faɗi da mutum zai faka motarsa yayi kwanaki bai ga kowa ba, kuma abinda suke nema kenan, su guje wa mutane. Mu nan in ka guje wa mutane ka guje wa tsaronka da ruwan shanka da makewayinka gaba ɗaya. Ni dai ban ga wata hanyar yin wannan rayuwa a ƙasarmu ba face ta fatake.

A Zariya gindin dutsen Kufena muka sauka, kusa da Wusasa inda Janar Yakubu Gowon ya taso, akwai tsohuwar cocin ƙasa a wurin da aka gina tun 1929 da ginin Hausa, har yanzu tana tsaye. Anan hazo ya sauko. Kwana uku rana kamar farin faranti, kana iya kallonta ido buɗe, ƙura ta lulluɓe fanel, ina gogewa da tsumma safe da rana amma cajin da ke shiga bai kai rabin na Kangimi ba. Laftof ɗina wat 65 take ja, ga wayoyi biyu ga fitila, dare na biyu inbata ta fara kuka. Tada mota don a yi caji kuwa tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba abin wasa bane. Mafita sai ta fito daga wajen wani yaro mai shagon cajin waya a bakin titi, ya bani benci da soket ɗaya, na yini biyu anan ina aiki tsakanin wayoyin mutane sun fi hamsin, ana shigowa ana fita, kowa ya gan ni sai yace sannu da aiki malam. Duk mai sha'awar irin wannan tafiya da hunturu ya sani, sanyin da rashin ruwan sama suna da daɗin kwana a tanti amma hazo abokin gabar sola ne, a riƙo batir na biyu in da hali. Kuma kada wani ya ɗauka arha ce, kuɗin mai da data da ɗan abin gaisuwa sun fi abinda nake kashewa a gida nesa ba kusa ba.

Daga nan muka dawo Kaduna muka kwana ɗaya, Hajiya ta gan mu da ranmu, washegari muka ɗauki hanyar kudu. Anan ne zan faɗi abinda ya fi damuna. Ni ɗan arewacin gada ne. Tun rikicin 2000 da na 2002 garin Kaduna ya rabu, kogi ya zama iyaka, akasarin Musulmi suka tattara ta Kawo da Tudun Wada da Rigasa, akasarin Kirista ta Sabon Tasha da Television da Romi, mu da muka taso bayan nan haka muka tarar kuma haka muka ɗauka duniya take. Na kai wannan shekarun ban taɓa kwana a kudancin jihata ba ko sau ɗaya. Da muka wuce Sabon Tasha muka hau titin Kachia hannuna na riƙe da sitiyari gam.

Kawu ya sa muka jira rana ta fito sosai sannan muka bi bayan motocin haya, Kujama, Kasuwan Magani, Kufana, Idon, ba tsayawa sai a shingen jami'an tsaro, su ma tambayarsu ɗaya ce da ta mai unguwa, menene wannan batirin, ina zuwa, a buɗe baya. Muna bayani suna barinmu. Tun kafin Kachia ƙasar ta fara canzawa, bishiyoyi suka ƙaru, duwatsu suka fara leƙowa, ga ƙamshin citta da aka tsaga aka shanya a bakin titi da kan fā. Wani manomi da muka sha shayi tare yace abinda kuke gani ai kaɗan ne, cutar da ta faɗa wa citta a daminar 2023 ta ruɓar da gonaki a Kachia da Jaba da Kagarko, mutane da yawa har irin shukawa suka rasa, shi kansa sai da ya koma noman kurkur da masara kafin ya farfaɗo. Muka bi ta Kwoi, na so mu tsaya a ƙauyen Nok inda masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin yumɓun nan a 1928, waɗanda suka haura shekara 2000, amma madugu ya kalli rana yace a'a, sai wani jiƙon.

Kafanchan kuwa ta Kawu ce. Kai tsaye tashar jirgi yace mu je. Ya tsaya a bakin dogo ya goya hannu a baya yana nuna min, wannan layin daga Fatakwal ya taso, ya iso nan a 1927, nan yake rabuwa, ɗaya ya tafi Kaduna ɗaya ya hau Jos, daga baya aka ja shi har Maiduguri. Yace a zamaninsu garin nan baya barci, Ibo, Yarbawa, Hausawa, Bajju, Fantsuwam, kowa na cin abinci a jikin jirgi, mai sayar da rake da mai kwasar gawayi. Yanzu ciyawa ta fito tsakanin ƙarafa, taragu sun yi tsatsa a inda aka bar su. Ya jima bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Da yamma muka leƙa Matsirga ta wajen Madakiya, ruwa na zubowa daga kan dutse mai tsayin wajen mita 30, duk da rani ya rage shi sanyin feshinsa na kai maka tun daga nesa.

A Kagoro muka fi daɗewa, kwana shida. Kawu ya nemi wani tsohon abokinsa aka ce ya rasu, amma aka kai mu wajen yayan matarsa, tsohon malamin firamare kuma dattijo a cocinsu, shi ya raka mu wajen mai unguwa ya tsaya mana, sannan yace ba wani bakin gari, a bayan gidana zaku kafa tantinku ƙarƙashin mangwaro. Dutsen Kagoro na tsaye a kanmu kamar bango, gefen tsaunin Jos ne ya gangaro nan, da safe hazo ya rufe kansa. Dattijon, wanda nake kira Baba, da Kawu suka zauna hira kamar sun shekara da sanin juna, labarin jirgi, labarin marigayi Sarki Gwamna Awan da ya mulki Kagoro daga 1945 har 2008, da kuma labarin da ba daɗi, hare-haren da aka sha kai wa ƙauyukan yankin da mutanen da suka binne. Baba bai sassauta ba wajen faɗa, Kawu ma bai kauce ba, ya faɗi na ɓangarenmu da ya gani da idonsa. Ina gefe ina ji, ba wanda ya ɗaga murya.

Asubar farko naji ana taɓa tanti a hankali. Mama ce, matar Baba, da butar ƙarfe a hannu, tace ɗana ga ruwan ɗumi, sanyin nan ba'a alwala da ruwan jarka. Ba wanda ya roƙe ta, ba wanda ya gaya mata lokacin sallarmu, ta sani kawai. Haka tayi kullum har muka tafi, da hantsi kuma ta aiko da faten acca. Na rasa abinda zan ce mata banda na gode Mama, Allah ya saka da alheri.

Ranar Alhamis nake da mitin ƙarfe goma, wanda ba'a fashi, kuma ni zan gabatar da aikin wata guda. Tun daren Laraba sabis ya ɗauke, duk layukan uku, wai ƙarfen sabis ɗin yankin ne ya samu matsala. Bakwai na safe shiru, takwas shiru, hankalina ya tashi don aikin nan da shi nake riƙe gida. Ina shirin tada mota in koma Kafanchan sai Baba ya kira jikansa yace kai yayanka inda kuke zuwa kiran waya. Na saka laftof a jaka muka kama dutse, yaron na gaba da silifas kamar a kan titi yake, ni ina haki ina dafa duwatsu, kusan minti arba'in muna hawa har muka kai wani faffaɗan fā da ya kalli yamma, kafin in zauna waya ta fara ƙara a aljihu saƙonni na shigowa. Goma saura minti shida. Daga can sama kana hango gonaki da rufin kwano har wajen Kafanchan, iska na kaɗawa, yaron ya cire rigarsa ta sama ya tare min hasken rana don in ga allon, haka ya tsaya riƙe da ita har na gama bayani. Da aka zo ƙarshe ogana yace wai wace ƙasa ka tafi ne haka, nace Kaduna ce oga, ban fita daga jiharmu ba. Yace Kadunan da muke gani a labarai? Nace ita ce, na juya masa kyamara ya kalla da kyau.

Ranar tafiya na ƙunsa kuɗi na miƙa wa Baba ya ture hannuna, yace in ka sake zan ɓata da kai, malami ne ni, na koyar da 'ya'yan Hausawa da Fulani a ajina ba adadi. Abinda ya karɓa ɗaya ne, fitilar sola da na ga yana yabawa, ita ma sai da Kawu ya sa baki. Yace mu dawo ranar 1 ga Janairu mu ga bikin Afan, lokacin da duk 'yan Kagoro na nesa ke dawowa gida, mafarauta su sauko daga dutse a cika fadar sarki da kiɗa da rawa. Mama kuma ta cusa mana ƙullin acca da busasshiyar citta a bayan mota tace na Hajiya ne, a gaishe ta.

La'asar saura kaɗan muka haye gada muka shigo gari. Hajiya ta kwance ƙullin ta shinshina cittar, ta tambaye ni wacece ta bayar, na bata labarin butar ruwan ɗumi. Tayi shiru, sannan tace kana da lambarta? Nace ina da ta jikan. Tace kira min shi ya kai mata. Na bar su suna gaisawa, ina sauke batir daga mota ina jin Hajiya na cewa a'a wallahi ni ce da godiya, kuma in direban Kafanchan zai tashi ranar Asabar akwai turaren wuta da daddawa da zan bashi ya kawo miki.